Taƙaitaccen Tarihin Sarkin Adar Muhammadu Agabba

Muhammadu Agabba ɗa ne ga Sarkin Abzin Muhammadu Almubarak, wanda ya riƙe sarautar Agadas daga shekara ta 1654 zuwa 1687. A gidan sarautar Agadas ya tashi, gidan da ake kira Istambulawa saboda labarin da aka gada cewa kakansu na farko daga birnin Istambul ya zo. Sunansa ma na Abzinawa ne, don kuwa da harshen Tamajak kalmar “ag” tana nufin ɗa.

A zamanin ƙuruciyarsa ƙasar Adar tana ƙarƙashin Kanta na Kabi. Abzin kuwa ƙasa ce ta duwatsu da raƙuma, mai gishiri da dabino, amma hatsinta ba ya isar mutanenta, saboda haka idon sarakunanta bai taɓa barin kudu ba. Adar tana da gero da dawa a fadamunta, kuma ta cikinta ayari ke bi zuwa Kabi, daga can a miƙa hanyar goro ta Gwanja. A shekara ta 1674 Almubarak ya ɗora ɗansa a kan runduna, Agabba ya karya mayaƙan Kanta Sulaimana, Adar ta fita daga hannun Kabi ta koma hannun Abzin. Sai dai a wannan zuwa na farko bai zauna ba. Ya bar Lisawa, wato Abzinawan da suka taimake shi yaƙi, su lura da ƙasa su riƙa karɓar haraji, shi kuwa ya juya gida.

Da mahaifinsa ya rasu a 1687 aka naɗa shi Sarkin Abzin. Shekara 34 ya yi bisa gado, ya gwabza da Zamfara da Gobir, sunansa ya kai ko'ina a ƙasar Hausa. A shekara ta 1721 aka tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Al'amin, wanda shi ma bai cika shekara guda ba aka kawar da shi.

Daga nan ne tarihin Agabba ya zama namu. Shekara 47 ke nan da cin Adar, mai ƙarfin jiya ya zama dattijo, ga shi ba gari ba sarauta. Ya kwashi iyalinsa da bayinsa da waɗanda suka ƙi rabuwa da shi, suka yo kudu, tafiyar da a hanyar mota ta yanzu ta kai kilomita 400 tsakanin Agadas da Tawa. Ya sauka a Birnin Adar, kusa da Darai, cikin ƙasar Garhanga ta yau, nan ya kafa fada.

Cin ƙasa da takobi abu ne na rana ɗaya, amma zama cikinta da mata da ƴaƴa sai da yardar masu ita. Masu Adar kuwa su ne Azna, Hausawa manoma da mahalba waɗanda suka riga kowa sanin kowane dutse da kowace rijiya, kuma kowane gari nasu yana da dattawansa, ba su saba da sarki ɗaya bisa kansu ba. Agabba Musulmi ne ɗan Musulmi, ya fito daga birni mai masallatai da malamai, ya tarar da mutane masu al'adun gargajiya na neman damina da buɗin daji. Bai taɓa musu waɗannan ba. Sha'anin ƙasa da gonaki ya rage a hannun dattawan Azna, shi kuwa ya riƙe yaƙi da haraji da tsaron hanya. Wanda bai san Adar ba zai ce rauni ne, alhali da baƙon ya nemi ya haɗa duka a hannunsa, da wuya gidansa ya kai jikoki.

Haka kuma ya yi da Lisawa, waɗanda suka riga shi zama da kusan rabin ƙarni, suka san ƙasar fiye da shi. Manyansu uku, masu sarautun Amattakes da Amattaza da Alamtai, su ne suka zama masu zaɓen Sarkin Adar, kamar yadda manyan Abzinawa ke zaɓen sarki a Agadas. Abin lura ne cewa mutumin da aka tuɓe a can ya yarda a nan da irin wannan tsari. Farfesa Jibo Hamani ya yi dogon bayani a kan wannan zama na ɓangarori uku cikin littafinsa na tarihin Adar da ya fito a 1975.

Iyalin ma sun rabu biyu, kamar yadda ya kan faru ga duk gidan da ya yi ƙaura. Wasu hankalinsu na can inda aka baro, har ɗansa Muhammadu Ag A'isha ya hau gadon Agadas a 1724, shekara uku kacal bayan fitar mahaifinsa. Agabba kam bai koma ba. Ya ci gaba da zama Adar har Allah ya karɓi ransa wajen shekara ta 1738, Allah ya jiƙansa. Waɗanda suka zauna tare da shi suka yi auratayya da mutanen ƙasa, Hausa ta zama harshen gidansu, har sarautar da suka gada sunanta na Hausa ne, Sarkin Adar.

Bayansa fada ta bar Birnin Adar, daga ƙarshe ta tabbata a Illela. Jihadin 1804 ya raba kan zuriyarsa, sannan a ƙarni na 19 Kel Geres da Iwillimmedan suka yi rinjaye, musamman a arewacin Adar inda Tawa take. Da Faransawa suka iso a 1900 suka yanka ƙasar kanto-kanto: Tawa, Kalfu, Bambai, Tamaske, Kaita, Garhanga da sauransu. Sarautar Kaita ta faɗa hannun zuriyar Lisawa, sunan Sarkin Adar kuma ya rage a Illela, a gidan jikokin Agabba.