Alan Turing, Wanda Ya Gano Iyakar Kwamfuta

An haifi Alan Turing a Landan a 1912, ya karanci lissafi a Jami'ar Kambirij. A 1936 ya tabbatar da cewa babu wata dabara guda da za ta duba kowace manhaja ta faɗi ko za ta gama aiki ko za ta yi ta juyi har abada. A Yaƙin Duniya na Biyu ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus. A 1945 ya tsara kwamfutar ACE, ya nuna yadda na'ura za ta ajiye wurin komawa idan aiki ya kira wani aiki. Ya rasu a 1954, yana da shekara 41.

To 'yan sashen kwamfuta, ma'ajiyar nan kamar madatsar Goronyo take, tana da iyaka. Mugu kan turo bayani mai baka cikin baka har dubbai, manhaja ta dinga kiran kanta, ma'ajiya ta cika, saba ta faɗi, kowa ya kasa shiga. Tunda babu na'urar da za ta hango muku hakan kullum, ku sa iyakar zurfi da hannunku.