Alkuwin na Yok, Malamin Fadar Sarki

An haifi Alkuwin a arewacin Ingila wajen shekara ta 735. Tun yana yaro aka sa shi makarantar babbar majami'ar Yok, ya yi karatu har ya zama shugabanta. Dikin ne, bai taɓa zama firist ba.

A 781, yana komowa daga Roma, ya sadu da Sarki Sharlaman a birnin Farma. Sarkin yana da ƙasa mai faɗi, amma da yawa cikin firistocinsa ba su iya Latin ɗin da suke sujada da shi ba. Ya roƙi Alkuwin ya zo ya riƙe makarantar fada. Sarki da kansa da 'ya'yansa suka zama almajiransa.

Fannoni bakwai ya bi. Uku na fari su ne nahawu, balaga da mantiƙi, domin yaro ya iya karatu daidai, ya faɗi magana ta shiga, ya kuma rarrabe hujja da ruɗi. Sa'an nan lissafi, ilimin awo, ilimin waƙa da na taurari. Ya kwatanta su da ginshiƙai bakwai na gidan Hikima da ke cikin Karin Magana sura 9, ya ɗauke su matakala ce da almajiri zai taka har ya kai ga Littafi Mai Tsarki. A ganinsa wanda ya tsaya a matakala bai shiga gida ba. Tambaya da amsa ce hanyarsa, har da kacici-kacici, gama ya san halin yara.

A 789 sarki ya ba da doka, wadda masana ke ganin hannun Alkuwin a ciki, cewa a buɗe makarantu a gidajen bishof-bishof da na masu zuhudu, a koya wa 'ya'yan bayi da na 'yantattu Zabura, waƙa, lissafi da nahawu, a kuma gyara littattafai, domin littafi mai kuskure yakan ɓata addu'a.

Inda ya fi nuna ƙarfin hali shi ne batun Saksawa, waɗanda sarki ya tilasta wa baftisma da takobi. A 796 Alkuwin ya rubuta wasiƙu yana tsawatarwa: bangaskiya ba ta shiga da dole, a koyar tukuna kafin a yi baftisma, a kuma sassauta karɓar zakka daga sababbin tuba. Ba ƙaramin abu ba ne malami ya gaya wa irin wannan sarki haka.

A shekarar ce aka naɗa shi shugaban gidan zuhudu na Waliyyi Martin a Tur, cikin Faransa ta yau. Can ya duƙufa ga gyaran kurakuran da masu kwafi suka shigar cikin Littafi Mai Tsarki na Latin. Ya rasu ran 19 ga Mayu, 804, ranar Fentikos.