Tarihin marigayi Sarkin Kano Abdullahi Bayero

A watan Disambar 1953 ne Allah Ya yi wa Sarkin Kano Abdullahi Bayero rasuwa, bayan ya shafe shekara 27 a kan gadon sarauta.

Kanawa sun fi saninsa da Sarki Alhaji, domin shi ne Sarkin Kano na farko da ya sauke farali yana kan mulki.

Sai dai masana tarihin birnin sun fi tuna zamaninsa da wani abu daban. A lokacinsa ne hukumar gargajiya, wato En'e, ta ɗebi kuɗin harajin talakawan Kano ta jawo ruwan famfo da wutar lantarki zuwa cikin ganuwa, ta gina asibiti da makarantu da babban masallacin Juma'a.

Tasowarsa

An haifi Abdullahi Bayero a 1881, a ƙarshen zamanin kakansa, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Ya fito ne daga gidan Ibrahim Dabo na Fulanin Sulluɓawa.

Yana yaro aka yi yaƙin basasar Kano, wanda ya ɓarke a 1893, kuma yana da kimanin shekara 22 sojojin Birtaniya suka ci birnin a watan Fabrairun 1903.

Turawan sun naɗa mahaifinsa, Muhammadu Abbas, a madadin Sarki Alu, wanda aka kai shi Lakwaja.

Ya yi karatun addini irin na 'ya'yan sarakunan wancan zamani. Mahaifinsa ya naɗa shi Ciroman Kano, daga bisani kuma ya riƙe hakimcin Bichi.

A wannan lokaci ne Turawa suka tilasta wa hakimai barin birni su tare a gundumominsu. Saboda haka ya daɗe yana aikin ƙidayar masu biyan haraji, da tara jangali, da sasanta rikicin gonaki, kafin sarauta ta zo gare shi.

Da Sarki Abbas ya rasu a 1919, an naɗa ɗan'uwansa Usman, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Tsoho. Bayan rasuwar Usman a 1926 ne Abdullahi Bayero ya zama sarki na goma a jerin sarakunan Fulani na Kano.

Baitulmali

Kafin zuwan Turawa babu wata iyaka a fili tsakanin dukiyar sarki da ta ƙasa. Haraji kan bi ta hannun dagatai da jakadu da hakimai, kowa ya ɗauki rabonsa kafin saura ya isa fada.

A zamanin Sarki Abbas aka kafa Baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. Da farko raba harajin ake yi biyu, rabi na gwamnatin mulkin mallaka, rabi na En'e. Daga baya an ƙara kason manyan hukumomin gargajiya irin ta Kano.

Isowar jirgin ƙasa a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa daga 1912 sun sa kuɗi ya yawaita a hannun manoma da fatake, kuma Baitulmalin Kano ya zamo mafi ƙarfi a duk Arewa.

Kowace shekara Ma'aji da ma'aikatansa kan tsara kasafin kuɗi, majalisar sarki ta duba, amma ba ya aiki sai Razdan da manyansa na Kaduna sun amince. Abin da ya yi rara kuwa akan ajiye shi, har ma a juya wani ɓangarensa a Ingila.

Sabon sarkin ya tarar da wannan ajiya mai kauri, ya kuma tarar da fada a hannun manyan bayin sarki, waɗanda ƙarfinsu ya dawo a zamanin Sarki Usman saboda tsufa da rashin lafiyarsa.

Matakin farko da aka ɗauka a 1926, bisa matsin Turawa da amincewar sarkin, shi ne raba bayin da harkokin mulki. Aka rarraba aiki ga 'yan majalisa: Waziri na kula da shari'a, Madaki na sa ido kan hakimai, Galadima na riƙe da birni, Ma'aji kuma na tsaron Baitulmali.

Ruwa da wuta

A wancan lokaci rijiyoyi da kududdufai ne madogarar mutanen birni wajen ruwa. Kududdufan ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, kuma su ne matattarar sauro da ƙazanta.

A ƙarshen shekarun 1920 En'e ta yanke shawarar kashe wani babban kaso na ajiyarta wajen jawo ruwa daga kogin Challawa, da ke kudu maso yammacin birnin, tare da kafa injinan bayar da wutar lantarki.

Jami'an sashen ayyuka na gwamnati a Legas ba su so aikin ba, suna ganin ya yi tsada ga hukumar gargajiya. Duk da haka aka ci gaba da shi, kuma a farkon shekarun 1930 ruwa da wuta suka shiga gari.

Daga Challawa ake turo ruwan zuwa tankin da ke kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro unguwanni.

Muhimmancin wannan shawara shi ne, a yawancin garuruwan da Turawa ke mulka irin waɗannan abubuwan more rayuwa a Bariki suke farawa, sau da yawa kuma a can suke ƙarewa. A Kano kuɗin na En'e ne, don haka ba a iya tsallake mutanen cikin ganuwa ba.

A daidai wannan tsakani aka buɗe asibitin birni, wanda a yau ake kira Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Haka kuma En'e na da sashen ayyuka nata, da sashen safiyo mai auna gonaki da filaye, da gidan ɗab'i, da 'yan doka, da gidan yari.

Sai dai an kammala manyan ayyukan ne a daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, daga 1929. Farashin gyaɗa ya faɗi warwas, amma ba a daina neman haraji ba.

Manoman karkara, waɗanda su ne mafi yawan masu biya, sun sha wuya wajen haɗa kuɗin, alhali famfo da fitilar da aka yi da guminsu ba su isa ƙauyukansu ba.

Birni da Waje

Kanon da Abdullahi Bayero ya gāda gari ne da aka raba gida biyu.

A cikin ganuwa sarki ne ke da iko da filaye da kasuwanni da kotuna. A waje kuwa, dokar garuruwa ta 1917 ta sa unguwar Turawa ta Nasarawa, da kantuna da tashar jirgin ƙasa, da kuma Sabon Gari, a hannun wani jami'in Bature.

Ƙa'idar da Gwamna Lugga ya shimfiɗa ta tanadi a bar fili na yadi 440, ba gini, tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin cizon sauro.

Wannan ne asalin manyan filaye da itatuwa da faffaɗan titunan da aka san unguwar Nasarawa da su.

Ma'aikata da leburori da tsofaffin sojoji kuwa sun taru a Tudun Wada da Gwagwarwa, a arewa da unguwar Turawan, inda gidaje suka cunkushe ba tare da wani cikakken tsari ba.

Sarkin da majalisarsa ba su taɓa jin daɗin ganin wani yanki na ƙasar Kano a wajen ikonsu ba. A 1940 aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e, abin da ya ba ta iko da kasuwar da kuma harajin mazauna wurin.

Amma karɓar iko bai zo da daidaita rabon ayyuka ba. Unguwannin Waje sun ci gaba da cika da baƙi, hanyoyi da magudanan ruwa kuma ba su bi yawan jama'ar ba.

Ana iya ganin sawun wancan tsari har yau a ƙaramar hukumar Nasarawa, wadda ta haɗa tsohuwar unguwar Turawa da mazaɓu masu cunkoso irin su Kaura Goje da Gama da Gwagwarwa da Tudun Wada.

Ilimi da addini

A farkon mulkinsa aka buɗe makarantar Midil ta Kano, wadda daga baya ta zama Kwalejin Rumfa, da kuma makarantar horar da alƙalai ta Shahuci.

A 1934 aka kafa makarantar koyon shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga ƙasar Sudan. Ita ce ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, kuma ta yaye alƙalai da malamai da dama na Arewa.

A shekarar ta 1934 ya ziyarci Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu Usman.

A 1937 ya tafi aikin Hajji. A ƙasa mai tsarki ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, a ƙasar Senegal, ya kuma gayyace shi Kano.

Wannan haɗuwa ce ta buɗe ƙofar yaɗuwar Faila a tsakanin 'yan ɗarikar Tijjaniyya, da farko a Kano, sannan a sauran sassan Najeriya.

Babban aikin gini na ƙarshe a zamaninsa shi ne sabon masallacin Juma'a da ke kusa da Gidan Rumfa, mai ƙubba da hasumiya biyu, wanda ya maye gurbin tsohon ginin ƙasa a farkon shekarun 1950.

Guguwar siyasa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, matasan da suka yi karatun boko, da yawansu ma'aikatan En'e ne, sun fara tambayar wane ne ke yanke shawara kan kuɗin jama'a.

A watan Agustan 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudiri a majalisar dokokin Arewa yana neman a yi wa tsarin En'e garambawul.

A cikin watan ne kuma, ranar 8, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya jagoranta. Koke-kokenta sun haɗa da nauyin haraji, da aikin tilas, da zaluncin wasu hakimai da 'yan doka, da rashin wakilcin talakawa a inda ake rabon kuɗi.

'Yan jam'iyyar da dama sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e.

A waɗannan shekaru tsufa ya kama sarkin, kuma babban ɗansa, Ciroma Muhammadu Sanusi, shi ne ke tafiyar da mafi yawan harkokin mulki.

A 1952 aka sauya doka a Arewa, aka daina ɗaukar sarki shi kaɗai a matsayin hukuma, aka wajabta masa aiki tare da majalisarsa.

A watan Mayun 1953 rikici ya ɓarke tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu a kewayen Sabon Gari da Fagge, sakamakon saɓanin da aka samu kan neman mulkin kai a 1956. Mutum fiye da 30 ne suka rasa rayukansu.

Watanni bakwai bayan haka sarkin ya rasu, aka binne shi a gidan sarki na Nasarawa.

Abin da ya bari

Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun bayyana shi da mutum mai tsoron Allah da haƙuri da sauƙin kai, wanda ba ya son almubazzaranci.

Magoya bayan tsarin sarauta na kafa hujja da zamaninsa wajen nuna cewa hukumar da ke kusa da jama'a, idan tana da kuɗinta a hannunta, tana iya yin aikin da gwamnatin nesa ba za ta yi ba.

Masu suka kuwa na cewa ƙarfin Baitulmalin ya dogara ne kan halin mutumin da ke kan gado da kuma idon Razdan, domin mai biyan harajin ba shi da hanyar tambayar yadda aka kashe kuɗinsa.

Ba a cika shekara goma da rasuwarsa ba wannan rauni ya fito fili. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta sa wani jami'inta, David Muffett, ya binciki kuɗin En'e ta Kano, binciken da ya kai ga murabus ɗin Sarki Sanusi a 1963, ko da yake da yawa na ganin akwai siyasa a cikin lamarin.

Tun a farkon shekarun 1950 hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, ta karɓi harkar wuta. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 gwamnati ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari, sannan garambawul ɗin 1976 ya kawo ƙananan hukumomi a madadin En'e.

Dokar amfani da filaye ta 1978 kuma ta mayar da ikon filayen birane hannun gwamnan jiha.

Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, kuma gardamar wanda ya kamata ya riƙe kuɗinsu ta kai har Kotun Ƙolin Najeriya, wadda a watan Yulin 2024 ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye.

Matatar ruwa ta Challawa na nan, an kuma ƙara wasu irin ta Tamburawa, amma a unguwanni da yawa na birni da Waje 'yan ga-ruwa ne ke kai wa magidanta ruwan sha.

Ban da ƙaninsa Muhammadu Inuwa, wanda ya yi 'yan watanni a 1963, duk sarakunan da suka biyo bayansa zuriyarsa ne, ciki har da ɗansa Alhaji Ado Bayero, wanda ya yi mulki daga 1963 zuwa 2014.

Da sunansa aka kira Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, wadda ta zama Jami'ar Bayero ta Kano a 1977.