Malam Aminu Kano, Abokin Talakawa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, a shekarar 1920. Sunan mahaifinsa Malam Yusufu, malami ne masanin shari'a, yana aiki a kotun alƙali. Danginsu su ne Genawa, waɗanda aka sani tun da daɗewa da ilmi da alƙalanci. Saboda haka Aminu ya tashi a gidan da ake girmamawa, ya fara karatun allo tun yana ƙarami.

Da ya ɗan tasa aka sa shi makarantar Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano. A shekarar 1937 ya shiga Kwalejin Kaduna, ya fito a 1942, aka tura shi Bauci ya zama malamin makaranta. A 1946 kuma aka aika da shi Ingila don ƙaro ilmin koyarwa. A zamanin nan mutanen Arewa da suka yi irin wannan karatu ba su da yawa. Duk wanda ya samu, to, hanyar babban matsayi ta buɗe masa, sai dai in shi ya ƙi.

Amma hankalin Malam Aminu yana wani wuri dabam. Yana ganin yadda ake matsa wa talaka da haraji da jangali da aikin tilas, kuma in an zalunce shi ba ya da bakin magana. Abin nan ya dame shi ƙwarai. A 1950, yana koyarwa a Maru ta ƙasar Sakkwato, sai ya ajiye aikin gwamnati da albashinsa, ya komo Kano. A shekaran nan aka kafa jam'iyyar NEPU, bayan 'yan shekaru ya zama shugabanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, gama an sha kama magoya bayansa ana ɗaurewa, waɗansu kuma a yi musu bulala.

Gidansa yana unguwar Gwammaja, kuma ƙofarsa ba ta rufuwa ga kowa. Manomi da ɗan dako da mai sayar da ruwa sukan shiga su zauna tare da shi, ya saurari kukansu kamar yadda zai saurari na attajiri. Yakan bayyana musu abin da doka ta ce, da wanda addini ya ce, don kada wani ya cuce su saboda rashin sani. Bai manta da mata ba. Ya yi ta kira a sa 'ya'ya mata a makaranta, a kuma ba mata damar jefa ƙuri'a, tun lokacin da mutane da yawa ba su son jin wannan magana.

Daga baya muƙami ya zo masa. An zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai a Ikko a 1959. Daga 1967 zuwa 1974 ya riƙe ma'aikatar sadarwa ta Tarayya, sa'an nan ta kiwon lafiya. Mutum yakan sake in ya sami irin wannan kujera, amma Malam bai sake ba. Tufarsa dai ita ce farar riga marar ado da jar hula. Bai tara dukiya ba, bai gina manyan benaye ba. Da ya sauka sai ya koma gidansa na Gwammaja, cikin mutanen da ya saba da su.

A 1979 ya nemi shugabancin Nijeriya a jam'iyyar PRP, bai ci ba. Duk da haka jam'iyyarsa ta sami gwamna a Kano da Kaduna, kuma gwamnatin Kano ta soke haraji da jangali a shekaran nan. Abin da ya daɗe yana nema wa talakawa ke nan, ya kuwa gan shi da idonsa.

Allah ya yi masa rasuwa ran Lahadi, 17 ga watan Afirilu, 1983. Jama'a suka yi ta kwarara zuwa Gwammaja daga birni da ƙauye, aka rufe shi a gidansa. Bai taɓa zama sarki ko gwamna ko shugaban ƙasa ba, amma filin jirgin sama na Kano da babban asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa. Gidansa kuma, wanda ake kira Mumbayya, ya zama wurin nazari a ƙarƙashin Jami'ar Bayero.

To, yara, ku lura. Mutane da yawa sun riƙe muƙaman da suka fi nasa, an manta da su. Shi kuwa ana tunawa da shi saboda halinsa, da yadda ya ɗauki ƙarami da babba daidai. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku yi ƙoƙari ku zo na ɗaya a aji, wannan abu ne mai kyau. Amma wanda ya raba littafinsa da ɗan'uwansa da ba shi da shi, ya riga ya fara bin sawun Malam Aminu.

Tambayoyi

1. A wace unguwa aka haifi Malam Aminu?
2. Don me ya bar aikin koyarwa a 1950?
3. Waɗanne irin mutane ne suke zuwa gidansa?
4. Faɗi wani alheri da za ka iya yi wa ɗan ajinku.