Bobby Jones: Gwanin golf da yashi ya kunyata, ya kuma ɗaukaka

A 1921, ƙwallon Bobby Jones ta faɗa kwarin yashi a filin St Andrews. Ya yi ta bugu ta ƙi fita, sai matashin mai shekara 19 ya fusata ya fice daga gasar British Open.

Bayan shekara biyar, a Royal Lytham da ke Ingila, yashi ya sake riƙe shi a rami na 17, suna kankankan da Al Watrous. Tazarar ta kai yadi 175, ga tudu ya kare masa tuta. Irin wannan bugun ba ya yafiya: muddin sanda ta taɓa yashi kafin ƙwallo, shi ke nan. Jones ya ɗauke ta tsaf, ta sauka kusa da rami fiye da ta Watrous. Ya ci kofin da ratar bugu biyu.

An haife shi a Atlanta ta Amurka a 1902. Lauya ne, bai taɓa shiga gasa don kuɗi ba. Ya lashe manyan kofuna huɗu a 1930, ya ajiye sanda yana da shekara 28. Ciwon laka ya zaunar da shi a keken guragu kafin mutuwarsa a 1971.