Tarihin Malam Jahizu na Basara

Mu ɗaliban da muka fito daga Isa da Sabon Birni mun tashi muna jin maharba suna kukan wuyar hangen barewa a Dajin Gundumi, don gashinta ya saje da rairayi da busasshiyar ciyawa. Ashe tun fiye da shekara dubu wani malami ya sa ido a kan wannan al'amari.

Sunansa Amru ɗan Baharu, ana masa alkunya da Abu Usmanu. An haife shi a Basara, cikin ƙasar Iraƙi, wajen shekara ta 776. Idanunsa sun firfito ƙwarai, shi ya sa aka laƙaba masa Jahizu. Ɗan talakawa ne, har an ce yana yaro ya yi tallan gurasa da kifi. Amma son karatu ya kai shi ga biyan masu sayar da littattafai kuɗi, don su bar shi ya kwana a shagunansu yana karatu. Daga baya ya tafi Bagadaza, ya shahara zamanin Halifa Ma'amun.

Babban aikinsa shi ne Kitabul Hayawan, juzu'i 7. Cikin rubuce-rubucensa ya ba da labarin Harrar Banu Sulaimu, wani fili na baƙaƙen duwatsu a Hijaz, inda ya ce bareyi da jiminu da dawaki, har ƙwari, duk sun yi duhu kamar ƙasar. Ya ɗora dalilin a kan ruwa da ƙasa da zafin rana.

A nan kam, a ganinmu, malamin ya ga ƙofa amma bai shiga ba. Sai a 1859 Darwin, mutumin Ingila, ya bayyana hanyar. Dutse ba ya rina dabba. A kan baƙin dutse, mai hasken gashi shaho ke fara gani. Mai duhu ya tsira, ya haifi irinsa, har iri ya rinjaya. A kan rairayi kuwa sai abin ya juya. An tabbatar da haka ga waɗansu ɓeraye na hamadar Amurka.

Da tsufa ya zo ya koma Basara, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya rasu cikin Muharram na 255 ta Hijira, watau wajen 869. Masu tarihi sun ce tarin littattafansa ne ya rufto masa. Allah ya ji ƙansa.