Nana Asma'u, ɗiyar Shehu

Kusa da Galmi akwai wani ƙauye, sunansa Maratta. Nan aka haifi Shehu Usumanu ɗan Fodiyo cikin shekara ta 1754. Daga baya iyayensa suka koma Ɗagel, can ƙasar Najeriya ta yanzu. A Ɗagel Shehu ya girma, ya yi aure, har aka haifa mashi tagwaye cikin 1793. Namijin aka sa mashi Hasan. Macen kuwa, kowa ya zaci Husaina za a ce mata, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u.

Asma'u tana ƙarama ƙwarai uwarta Maimuna ta rasu. Kishiyoyin uwarta suka rene ta. Cikin 1804, tana da shekara 11, jama'ar Shehu suka yi hijira zuwa Gudu. Ta bar gidan da ta sani. Sai yaƙi, da yunwa, da tafiya daga wannan sansani zuwa wancan. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai mahardatan Alƙur'ani kamar 200 suka mutu. Duk da haka ba ta bar allonta ba. Ta iya Larabci, da Fulatanci, da Hausa.

Shehu ya rasu a Sakkwato cikin 1817. Ba a jima ba Hasan ya bi shi. Cikin 1837 wanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Wurno. Daga baya mijinta, Waziri Giɗaɗo, shi ma ya cika. Sannan babbar aminiyarta A'isha.

Asma'u ba ta ɓoye hawayenta ba. Ta nuna cewa addini bai hana zub da hawaye ba, kururuwa ce ya hana. In ta yi rashi, sai ta ɗauki alƙalami ta yi waƙa, ta faɗi halin wanda ya tafi. Da ta yi wa Bello waƙa, iliminsa da adalcinsa da taimakon talakawa ta fi ambata, ko da yake jarumi ne.

Abin da ya fi daɗin ji shi ne, ba manya kaɗai ta yi wa waƙa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima. Ta yi wa Zaharatu, wata mata mai zama wurin masu naƙuda, mai wanke gawa, mai koyar da mata. Da ba don Asma'u ba, wa zai san sunansu yau?

Ta zaɓi dattijan mata, ana ce masu jaji. Ta ba kowace malfa, ta koya masu waƙoƙinta, suka shiga ƙauyuka suna koya wa mata. Ɗalibansu su ne ƴan taru.

Ta rasu cikin 1864, tana da shekara 70 da ƴan kai. Aka rufe ta a Sakkwato, kusa da kabarin ubanta.